Zaren kwakwa, kaba, tukurwa ko roba: da wanne za ki fara saƙar kwando a gida?

Kwandon zaren kwakwa yana da kwarjini a hoto. Launinsa ƙasa-ƙasa, jikinsa da kaushi, in aka ɗora shi kan tebur aka zuba lemo a ciki sai ki rantse daga wani babban kanti aka sayo shi. Shi ya sa mata da yawa masu neman sana'ar cikin gida suke ta wasiwasi: su kama wannan sabon abu da suke gani a waya, ko su bi kabar da suka tashi suka tarar iyaye suna ɗinka faifai da ita? Ga kuma tukurwa, ga roba da ta cika kasuwa. Duka huɗun suna yin kwando, amma kowanne da irin kwandon da yake fitarwa, kowanne kuma da inda yake cin mutum.

Abin da za ki auna kafin ki kashe ko sisi

Na farko, kuma shi ya fi sauran nauyi, samuwar kayan a inda kike. Sana'ar da sai an yi miki aike daga wani gari kafin ki zauna aiki, ranar da mota ta yi tsada ko mai kawowa ya yi tafiya, ta tsaya ke nan.

Na biyu kuɗi, kuma ba kuɗin saye kaɗai ba. Farashi a kasuwanninmu yau daban gobe daban, don haka a nan za mu gwada su ne da junansu: wanne ya fi wanne tsada, kuma ta ina kuɗin yake fita. Wani kayan kyauta ake samunsa, amma kafin ya zama abin saƙa ya cinye miki makonni.

Na uku ƙarko. A nan sai a tambaya, ƙarko a gaban me? Abin da ruwa ba ya yi wa komai rana na iya kashe shi, wanda ya jure rana kuma gara ta gama da shi a daki.

Sai sauƙin koyo, har da ko akwai wadda za ta zauna kusa da ke ta gyara miki hannu. Sai haɗari ga lafiyarki da ta wanda zai ci abin da aka zuba a kwandon. Daga ƙarshe mai saye, in don sayarwa za ki yi.

Zaren kwakwa

Kwakwar da ake nufi ita ce wadda ake fasawa a sha ruwanta a ci farin cikinta, ba kwakwar manja ba. Kuma zaren daga ɓawonta na waje yake fitowa, wannan mai kauri da ke lulluɓe da ƙoƙon. Ganyen bishiyar ma ana saƙa kwando da shi a ƙasashen bakin teku, ɗanye, cikin ɗan lokaci kaɗan, amma wannan wani aiki ne daban, kwandonsa kuma ba ya daɗewa.

Matsalar farko ga mutumin Arewa ita ce ɓawon ba ya zuwa. Kwakwar da ake saukewa a Kano ko Maraɗi ko Sakkwato an riga an feɗe ta tun a can, saboda ba mai biyan kuɗin mota a kan ɓawo. Ɗan gemun da ya rage a kanta ko tsintsiyar wanke tukunya ba zai yi ba. Ɓawon yana can inda bishiyar take: Badagry da sauran bakin ruwan Legas, inda mafi yawan kwakwar Najeriya take fitowa, da yammacin gabar Ghana wajen Takoradi da Axim, da bakin tekun Benin da Togo da Kamaru. 'Yar'uwar da ke zaune a Agege ko Nima ta Accra ko wani zango na gabar teku za ta iya samunsa kyauta ko a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don masu sayar da kwakwa neman inda za su zubar da shi suke yi.

Sai dai a kula, ba kowane ɓawo ba ne. Tulin koren ɓawon da masu sayar da ruwan kwakwa suke bari a bakin titin Accra na 'ya'yan da aka tsinka tun suna wata 6 ko 7 ne, zarensu bai ƙosa ba, yana tsinkewa. Zare mai ƙwari daga kwakwar da ta kai wata 10 zuwa 12 yake fitowa. Wadda ta kusa nuna, ɓawonta da sauran kore, ita ke ba da zare mai haske da laushi wanda ya fi daɗin tufka. Wadda ta nuna sarai ta bushe tana ba da zare mai duhu, mai kauri da tauri, irin wanda ake yin burushi da tabarmar goge ƙafa ta bakin ƙofa da shi.

Yanzu ga inda yawancin masu sha'awa suke sarewa. Kaba ko tukurwa, da kin tsaga kin jiƙa sai saƙa. Zaren kwakwa kuwa gajeru ne, tsawonsu daga santimita 10 zuwa 30, ba yadda za a yi a saƙa su haka. Dole sai an mayar da su igiya tukuna. Ke nan sana'a biyu za ki koya, tufka da saƙa, kuma kafin su akwai aikin fitar da zaren kansa.

Ana jiƙa ɓawon a ruwa har abin da ya manne zaren ya ruɓe. A jihar Kerala ta Indiya, inda wannan sana'a ta yi shekaru aru-aru, suna nutsar da ɗanyen ɓawo a ruwan gulbi wata 6 har zuwa 10. Busasshen ɓawo a baho ko randa ba ya kai haka, amma dai maganar makonni ce. In ya yi laushi sai a ɗora shi kan gungume a yi ta dukansa da taɓarya ko guduma ta katako, garin cikinsa yana zubewa, zaren yana warewa. Kusan kashi biyu cikin uku na ɓawon garin nan ne, kashi ɗaya ne zare. Kada ki zubar da garin, masu renon shuke-shuke suna sayensa don yana riƙe ruwa. Daga nan a wanke zaren, a shanya, a tsefe shi, sannan a zauna tufka: a ɗebi kaɗan a murza tsakanin tafin hannu ko a kan cinya, ana yi ana ƙara wani don kada ya yanke, sannan a haɗa biyu a murɗe su su zama igiya guda.

Igiya nawa? Mu ɗauki kwando matsakaici, faɗin bakinsa santimita 25, tsayinsa 15, da igiya mai kaurin santimita 1. Gindinsa zai ci kusan mita 5, bangonsa zagaye 15 zai ci kusan mita 12. Mita 17 ke nan, ban da siririn zaren da za ki ɗinke shi da shi. In igiyar ta fi haka siranta, lissafin ya doshi mita 30. Duk wadda ta taɓa tufka igiyar rama ta san abin da mita 17 yake nufi ga tafin hannu, ga shi zaren kwakwa ya fi rama kaushi nesa ba kusa ba.

Akwai gajerar hanya, wato sayen igiyar da aka riga aka tufka da inji. Ana samunta a shagunan kayan lambu da furanni na manyan birane da kuma a intanet. Amma mafi yawanta shigo da ita ake yi, domin Indiya da Siri Lanka suna sahun gaba cikin ƙasashen da ke fitar da zaren kwakwa a duniya. Tun 1859 aka kafa masana'antarsa ta farko a Indiya, a garin Alappuzha na Kerala, kuma a 1953 Indiya ta yi doka ta musamman don kafa hukumar kula da shi. Sun yi mana nisa a wannan fage. Abin da hakan yake nufi gare ki shi ne farashin igiyar yana bin dala, kuma a cikin kaya huɗun nan ita ce mafi tsada in saya za ki yi.

Da igiya a hannu, saƙar ba ta da wuya. Naɗi ne irin na faifai: ki naɗe bakin igiyar ya zama ɗan ƙulli, ki riƙa zagayawa kina ɗinke kowane zagaye da na ƙarƙashinsa da basilla, in gindi ya kai faɗin da kike so sai ki fara ɗora zagaye a kan ɗan'uwansa bango ya tashi. Igiyar tana da ɗan miƙewa, don haka kwando mai tsayi yakan langaɓe in ba a matse ɗinkin ba, ko ba a sa masa waya a baki ba. Waɗanda ake gani a bidiyo suna manna igiya a jikin roba da gam, wannan ado ne na kwana biyu. Zafin rana yana iya sa gam ɗin ya saki.

A wajen ƙarko kuwa, ba a ja da shi. Zaren yana da tauri irin na itace, ba ya saurin ruɓa, kuma ruwan gishiri ba ya cin sa. Da igiyarsa ake ɗinke katakon jiragen ruwa a tekun Indiya ba tare da ƙusa ba, har Ibn Battuta ya ba da labarin yadda ya ga mutanen tsibiran Maldives suna yin ta a ƙarni na 14. Kwandon da za a rataya a baranda da tukunyar fure, kullum ana ba ta ruwa, ba abin da ya fi dacewa da shi kamar wannan.

Aibinsa uku ne, kuma duka na gaske ne. Yana zubar da gashi: ki zuba gari ko shinkafa ko tsaki a ciki, sai kin sake tankaɗe. Ba ya karɓar rini yadda ake so, sai launuka masu duhu, in ba an fara wanke shi da sinadarin da zai haskaka shi ba. Sannan aikin fitar da shi yana da nasa haɗarin. Ruwan jiƙon yana wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, in ba a rufe shi ba sauro ya samu gidan haihuwa, kuma ƙurar da ke tashi wajen duka da tsifa tana shaƙe ƙirji. Mai asma kada ma ta fara. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, warin nan kaɗai ya isa ya haɗa ki faɗa da maƙwabta.

Kaba

Kaba ganyen goruba ce, galibi daga ƙananan da ba su riga sun tashi sun zama bishiya ba. Tana fitowa a ko'ina cikin ƙasar Hausa mai yashi, daga Katsina da Jigawa da Yobe har Damagaram da Tawa. A jihar Maraɗi akwai kwari sukutum da ake kira Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ta wajen Mayahi, kuma dubban gidaje a can da ita suke ci: wasu yanka, wasu saƙar tabarma, wasu tufkar igiya, wasu fatauci. Ke da ke birni ba sai kin shiga daji kin sha ƙayar gindin ganyen ba, dami-dami ake kawo ta kasuwa busasshiya, kuma a Arewa ba abin saƙa na tsiro da ya kai ta araha.

Sayenta ma ilimi ne. Ki zaro guda daga tsakiyar damin, ba ta sama da aka jera don ido ba, ki naɗe ta a yatsa. In ta lanƙwasa ta dawo, mai kyau ce. In kika ji ƙas, ta kwana biyu a rana. Launin da ake so fari ne mai ɗan kore-kore. Wadda ta yi ɗigo-ɗigon baƙi ruwa ya dake ta, fumfuna ta riga ta shiga. Ki tambayi mai ita, "Baba, ta bana ce kuwa?" Zai ce miki, "Haba 'yata, jiya-jiyan nan aka yanko ta." Ki yi dariya, ki gwada da yatsanki duk da haka.

Shirinta ba ya ɗaukar yini. A tsaga ta da farce ko allura gwargwadon sirantar da ake so, a yayyafa mata ruwa a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ta yi laushi. In ana son launi a dafa ta da galura, ko karan dafi in ja ake so irin na da. Tana karɓar rini fiye da zaren kwakwa sosai, ko da yake launin yana kodewa in abin ya daɗe a rana.

Hanyar aikinta biyu ce. Akwai ɗinkin naɗi, inda ake haɗa ɗan ƙullin ciyawa ko tsinken kabar a ciki, a riƙa naɗe shi da tsagaggen ganye ana huda zagayen ƙasa da basilla. Haka ake faifai da adudu da ƙananan kwandunan ado. Akwai kuma kitso, inda ake kitsa dogon layi mai faɗin yatsu uku ko huɗu, sannan a ɗinke gefe da gefe, yadda ake tabarma da samfo da malafa. Kitso ya fi sauri, ɗinkin naɗi ya fi kyau da ƙwari, kuma shi ya fi cin ido da lokaci.

Babbar falalar kaba a wurina ba arahar ba ce, malamai ne. Da wuya ki rasa wata gwaggo ko inna a unguwa ko a ƙauyenku wadda hannunta ya san aikin. Farkon naɗin faifai, wannan ɗan cibiyar ta tsakiya, shi ne inda kowace sabuwar hannu take kakarewa, kuma mintuna kaɗan a gefen wadda ta iya sun fi kallon bidiyo sau ashirin. Za ta karɓa, ta warware, ta ce "matse nan, ba can ba," shi ke nan kin wuce wurin.

Wajen ƙarko tana tsakiya. A busasshen ɗaki faifai mai kyau yana shekaru. Abokan gabanta damina da gara da ɓera. In kwando ya jiƙe aka ajiye shi bai bushe ba, baƙi zai yi ya fara wari. Da hunturu kuma wajen aiki ne take ba da wahala, iska tana busar da ita kafin ki gama zagaye ɗaya, sai kin ajiye kwanon ruwa a gefe kina shafa mata. Gefenta yana ɗan yankan yatsa a makon farko. Ban da wannan ba ta da wani haɗari, kuma ita ce kaɗai a cikin huɗun da za ki rufe ƙwaryar fura da ita, ki sheƙe hatsi, ki shanya kuka ko kuɓewa hankali kwance. Sai dai cikin da zai taɓa abinci mai laima a bar shi fari, kada a sa mai galura.

Inda take da rauni shi ne farashin sayarwa. Masu yi suna da yawa, mai saye kuma ya saba da samun faifai a kan kuɗi kaɗan, zai taya miki abin da bai biya zamanki ba. Masu samun riba da ita su ne waɗanda suka fita daga sahu: ɗinki siriri, zane mai tsabta, murfi da ya zauna daidai, irin wanda ake nema don jeren amarya ko masu sayen tsaraba a Kasuwar Kurmi. Akwai kuma maganar daji. Yawan yankan ƙananan yana hana su girma su zama goruba, kuma a wuraren da aka matsa musu kabar tana ƙara nisa, kuɗinta yana ƙaruwa.

Tukurwa

Tukurwa, wato rafiya, bishiya ce da fadama da kurmi take so, don haka ta fi yawa daga kudancin Kaduna da ƙasar Nufe zuwa kudu. Ikot Ekpene ta jihar Akwa Ibom ta yi suna da ita ƙwarai, jaka da hula da takalma duk suna yi, kuma Madagaska ce take cika kasuwar duniya da ita. Zaren fatar ɗanyen ganyen ne ake ɓarewa, ya fito dogo, siriri, mai laushi.

A hannu ba ta da na biyu: ba yanka, ba ƙaiƙayi, ba ƙura, yarinya ma za ta iya koyo da ita. Rini kuwa kamar don ita aka yi shi. Amma ba ta tsayawa da kanta, sai an sa mata wani abu a ciki an naɗe, ciyawa ko igiya. Kuma ba ta son wahala. Kaya mai nauyi, gogayya da ƙasa, jiƙa da bushewa, duk suna sa ta yi gashi ta tsinke. A can Arewa ta fi kaba tsada saboda kuɗin mota, kuma a kula da ta roba da ake sayarwa da sunanta. Ki kusantar da bakin zaren ga ashana: ta gaske za ta ci ta zama toka, ta roba za ta narke ta dunƙule.

Roba

Iri biyu ce. Akwai sabuwa da ake sayarwa a naɗe, launi-launi. Akwai kuma ta tsince: faffaɗar igiyar da ake ɗaure dilar gwanjo da kwalayen tayil da ita, da zaren buhu, da tsohuwar tabarmar roba da aka warware. Ta tsincen kusan kyauta ce in kin san mai shago. Matan Wolof na yankin Thiès a Senegal sun yi nisa da wannan dabara, ciyawa a ciki roba a waje, kwandunansu har Turai da Amurka ake kai su.

A sauri ba mai kamo ta. Ba jiƙo, ba rini, ba tsaga, faɗinta ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma faffaɗar tana tashin kwandon cefane cikin yini. Ruwa ba ya yi mata komai, gara ba ta kallonta, in ta yi datti a wanke da omo. Mai kashe ta rana ce. Kwandon da yake yini a tsakar gida launinsa zai kode, robar ta bushe ta fara karyewa, kuma in ta fara ba gyara. Kusa da murhu ma narkewa take.

Haɗarinta ya fi yadda ake zato. Gefen faffaɗar yana da kaifi, yana yanka sosai. Ƙona baki don kada ya warware yana tayar da hayaƙin da bai kamata a shaƙa a rufaffen ɗaki ba. Mafi muni, buhun da ya ɗauki taki ko maganin ƙwari, ko an wanke shi, kada ya kusanci abinci. Abinci mai zafi ma ba a zuba shi a kwandon roba kowace iri. A kasuwa tana tafiya da wuri, amma araha ba ta ado, kuma kina gasa ne da kwandon kamfani da inji yake fitarwa dubu-dubu.

Ga su a jere

| | Zaren kwakwa | Kaba | Tukurwa | Roba |
|---|---|---|---|---|
| Samuwa | bakin teku. A Arewa sai igiyar saye | ko'ina a Arewa da Nijar | tsakiya da kudu | kowane birni |
| Kuɗin kaya | ɓawo kusan kyauta, igiya da tsada | araha | matsakaici | ta tsince kusan kyauta, sabuwa matsakaici |
| Shiri kafin saƙa | makonni ko watanni | ƙasa da yini | kusan babu | babu |
| Jure ruwa | sosai | kaɗan | kaɗan | sosai |
| Jure rana | sosai | matsakaici | launi yana kodewa | tana karyewa |
| A hannu | kaushi, ƙaiƙayi | ɗan yanka | laushi | kaifi |
| Rini | da wuya | yana kamawa | yana kamawa sosai | da launinta take zuwa |
| Abinci | mai ɓawo kawai | ya dace | busasshe | mai sanyi, in robar mai tsabta ce |
| Babban haɗari | ƙura, wari, sauro | fumfuna, gara | saurin tsinkewa | hayaƙi, ragowar guba a buhu |

Wa ya dace da wanne

In kina Arewa ko Nijar kuma yau za ki fara, kaba. Ba na ma ganin akwai gardama a nan. Kayan yana kusa, in kin ɓata ba ki yi asarar kirki ba, mai koya miki tana nan, kuma ɗinkin naɗin da za ki koya a kanta shi ne dai za ki yi amfani da shi a kan sauran ukun duk ranar da kika so canzawa.

In kina Legas ko Kwatano ko gabar Ghana, kina da fili a bayan gida inda jiƙo ba zai dami kowa ba, kuma ƙirjinki lafiya lau, zaren kwakwa zai iya zama naki. Amma ki shiga da sanin cewa watannin farko na dukan ɓawo da tufka ne. Gara ma a yi shi a ƙungiya, wasu na fitar da zare, wasu na tufka, wasu na ɗinki, a kuma sayar da garin ga masu lambu ya rage kuɗin ɗauko ɓawon. Ki nufi abin da ya fi ƙwarewa a kai: kwandon rataya fure, rigar tukunyar shuka, abin goge ƙafa, kwandon albasa da dankali da ke son iska.

In sha'awa ce kawai, kina son kwando biyu ko uku irin na hoton nan don falonki, kada ki jiƙa ɓawo ko ɗaya. Sayi igiya ƙulli guda, ki sa tsohuwar safar hannu, ki ɗinke abinki. Da tsada, amma sau ɗaya ne.

Mai neman kuɗin cefane da wuri, ko mai son kwandon wanki, na kifi, na zuwa kasuwa da damina, roba ce tata, ta dai san daga inda robar ta fito. Mai son kayan ado masu launi, jakar hannu, marfin kwano na tebur, kayan rabo a biki, ko wadda hannunta ba ya jure kaushi saboda shekaru ko ciwon gaɓɓai, ta nemi tukurwa.

Akwai kuma wadda take son ƙwarin kwakwa amma ba ta son gashinsa a cikin kaya. Ita sai ta haɗa biyu: igiyar kwakwa a ciki a matsayin ƙashi, ta naɗe ta ruf da kaba ko rinanniyar tukurwa. Kwandon zai tsaya da ƙafarsa, ya yi nauyi a hannu, ya ɗauki launi, kuma ba abin da zai zuba a garin tuwo. Sharaɗinsa ɗaya, igiyar ta bushe ƙayau kafin a rufe ta, in ba haka ba laimar da ta maƙale a ciki za ta ɓata kabar daga ƙarƙashi, sai dai ki ga baƙi yana fitowa bayan an riga an sayar.